Rataya Aka Ba Mu: Tsakanin Laifi da Nauyi a Zancen Sauyin Yanayi

Masu iya magana kan ce, "Ba ni na kar zomon ba, rataya aka ba ni." Wannan karin magana ce ta mai neman wanke kansa. An tare shi a hanya da zomo rataye a kafaɗa, jini na ɗiga a bayan rigarsa, sai ya ce shi ɗan ɗauka ne kurum, mai laifin yana can wani wuri. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. To, amma gaskiyar tasa ba ta sauke masa zomon daga kafaɗa ba, ba ta kuma wanke masa riga ba.

Wannan karin magana ita ke faɗo mana a rai duk lokacin da gardama ta kaure a ɗakunan kwanan ɗalibai a kan batun sauyin yanayi. Da wuya a yi shelar fita dashen itatuwa ko yashe magudanar ruwa ba a sami wani ɗalibi mai kaifin basira ya miƙe ya ce, "Shin mu muka ɓata duniyar da za a ce mu gyara ta? Waɗanda suka shekara ɗari biyu suna ƙona kwal da man fetur har suka yi arziki, su ya kamata a nema. Mu da ko wutar lantarkin yin karatun dare ba ta ishe mu ba, mene ne namu a ciki?" Akan yi dariya a watse. Mu kuwa muna ganin tambayar ta fi ƙarfin dariya, domin tana ɗauke da wata tsohuwar matsala ta ilimin ɗabi'a: shin wanda bai yi ɓarna ba akwai wajibin gyara a kansa? Idan akwai, daga ina ya samo asali, kuma ina iyakarsa? Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin dubawa ke nan.

Gaskiyar Mai Ƙorafi

Kafin komai, ya kamata mu ba mai ƙorafi haƙƙinsa, domin maganarsa tana da tushe. Masana sun tabbatar da cewa ƙona kwal da man fetur da gas yana sakin wata iska da ake kira kabon, wadda ke taruwa a sararin samaniya ta zama kamar bargo, ta hana zafin da ƙasa ta sha daga rana komawa sama. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane ƙwayoyin iska miliyan ɗaya kimanin 280 ne na kabon. Yanzu sun haura 420. Shekarar 2024 ita ce ta farko da matsakaicin zafin duniya ya ɗara na wancan zamani da fiye da digiri 1.5 a ma'aunin Salshiyas.

To, wa ya saƙa wannan bargo? Nahiyar Afirka, mai mutane fiye da biliyan 1.4, abin da take saki a shekara bai kai kashi 4 cikin 100 na kabon ɗin duniya ba. Amurka ita kaɗai ta saki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk abin da aka tara tun farkon zamanin masana'antu, ƙasar Sin kuwa ita ce kan gaba a yau. Amma da aka zo rabon wahala, sai kasonmu ya fi girma. A ambaliyar 2022, wadda ta shafi jihohi tun daga Jigawa har Kogi da Anambra da Bayelsa, sama da mutum 600 suka rasu, sama da miliyan ɗaya suka rasa matsuguni, kuma masanan da suka nazarci ruwan saman wannan shekara sun gano cewa ɗumamar yanayi ta ƙara yiwuwar aukuwarsa ƙwarai da gaske. A garin Ayetoro da ke gaɓar teku a Jihar Ondo, teku na cin gidajen masunta layi bayan layi. Daɗin daɗawa, a taron Kwapanhagan na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin za su riƙa ba ƙasashe matalauta dala biliyan 100 a kowace shekara kafin 2020. Ko a lissafinsu na kansu, sai a 2022 adadin ya cika, kuma kaso mai yawa daga ciki bashi ne da za a biya. Saboda haka duk wanda ya ce rataya aka ba mu bai yi ƙarya ba.

Laifi Daban, Nauyi Daban

Duk da haka, muna ganin mai ƙorafi ya gwama abubuwa biyu da ya kamata a raba, wato laifi da nauyi. Laifi baya yake duba, yana tambayar wa ya aikata. Nauyi kuwa gaba yake duba, yana tambayar wa zai iya yin wani abu yanzu. Sau da yawa sukan haɗu a kan mutum ɗaya, shi ya sa muke zaton abu ɗaya ne, amma ba kullum suke haɗuwa ba.

A ɗauki misalin gobara. Maƙwabci ya yi sakaci da murhunsa, wuta ta kama dangarsa, iska ta kwaso ta ta nufo rumbunmu. Babu mai shakkar wanda ke da laifi. To, amma wane mai hankali ne zai naɗe hannu ya ce ba zai ɗauki guga ba sai alƙali ya zauna ya yanke hukunci? Kafin a buɗe kotu hatsin ya zama toka. Wanda ya ɗebo ruwa bai amsa laifin tayar da wutar ba, bai kuma yafe diyyar da yake bi ba. Abin da ya ɗora masa nauyi shi ne yana kusa, guga na hannunsa, kuma a cikin gidan akwai yara da tsofaffi waɗanda ba za su iya ɗaukar guga ba. Wato dai kusanci da iko da haƙƙin mai rauni sun isa su haifar da nauyi ko da babu laifi.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma wajibi ne mu gan shi. Irin wannan wa'azi yana yi wa masu laifi daɗin ji, domin idan kowa ya shagala da gugansa ba mai tuna wanda ya kunna wutar. Ba banza ba ne kamfanin mai na BP ya kashe kuɗi masu yawa a tsakiyar shekarun 2000 yana tallata cewa kowane mutum ya lissafa yawan kabon ɗin da rayuwarsa ke fitarwa. Lissafin ba laifi ba ne, amma ya juyar da idon jama'a daga rijiyar mai zuwa tukunyar girkinsu. Don haka nauyin da ke kanmu hannu biyu gare shi: ɗaya riƙe da guga, ɗaya riƙe da takardar ƙara. Wanda ya riƙe guga kaɗai zai ƙare rayuwarsa yana kashe wutar wani. Wanda ya riƙe takarda kaɗai zai ci shari'a a kan toka.

Hannun Guga

Mai ƙorafi zai iya sake cewa, "Na ji, amma me itace ɗaya zai yi wa duniya?" Amsa ta gaskiya ita ce ba zai sanyaya duniya ba. Duk wanda ya gaya wa ɗalibai cewa dashen da suka yi a bakin ɗakin karatu zai dakatar da ɗumamar yanayi ya yaudare su. Amma tambayar da ta fi dacewa ita ce, me itace zai yi wa gonar da yake cikinta? Amsar wannan tana wurin 'yan'uwanmu manoman ƙasar Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, tsallaken iyaka daga Katsina.

A farkon shekarun 1980 gonakin wannan yanki sun zama fili fetal. Iska kan binne shuka da rairayi, har sai manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina guda, mata kuwa kan yi tafiya mai nisa neman itacen girki. An kashe kuɗi wajen renon dashe a raba wa ƙauyuka, amma mafi yawansa fari da awaki da gara suka gama da shi. A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura da cewa 'yan tsirran da ke tohowa a gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace bazara, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, kuma saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi reshe ɗaya ko 'yan kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi. Manoma suka sa wa dabarar suna sassaben zamani. Da farko an yi wa waɗanda suka gwada ta dariya, domin a al'ada gona mai tsabta ita ce wadda ba ta da itace. Farin 1984 ne ya sa mutane da yawa suka karɓe ta, daga nan kuma ta bi kasuwanni da hirar dandali daga ƙauye zuwa ƙauye. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kimanin miliyan 200. Da yawa daga cikinsu gawo ne, itacen nan mai zubar da ganye da damina, wanda ba ya tare wa gero rana, ga shi kuma yana ƙara wa ƙasa taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Akwai darussa biyu a cikin wannan labari. Na farko, aikin ya yi nasara ne sa'ad da manomi ya tabbata itacen nasa ne. A da, dokar gandun daji ta sa itatuwa a hannun hukuma, har akan ci mutum tara don ya sari itacen da ke cikin gonarsa, sai ya zamana ba mai son itace ya girma masa. Da riƙon hukuma ya sassauta, sai kula ta dawo. Na biyu, aikin reno ne, ba biki ba. Mun sha ganin ranar dashen itatuwa inda manya kan zo da shebur a ɗauki hoto, bayan wata uku a tarar da sanda a bushe a cikin rami. Idan muna son mu auna gaskiyar ƙungiyoyinmu na ɗalibai, kada mu tambayi itace nawa suka dasa. Mu tambayi nawa ne suka tsallake rani uku.

Hannun Ƙara

Hannu na biyu kuwa ya fi dacewa da ɗalibi, domin shi aka koya wa karatu da rubutu da kafa hujja. A watan Agusta na 2018 wata yarinya 'yar shekara 15, Greta Thunberg, ta zauna ita kaɗai da allo a gaban majalisar dokokin ƙasar Suwidin, kuma cikin shekara guda miliyoyin 'yan makaranta suka fito tituna a ƙasashe daban-daban. A Kampala ta ƙasar Yuganda, Vanessa Nakate ta fara nata zaman a farkon 2019, a nan gida kuma Adenike Oladosu ta ɗauki batun Tafkin Chadi ta kai shi tarukan duniya. To, amma misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na wasu ɗaliban shari'a su 27 na Jami'ar Kudancin Fasifik, a ƙasar Banuwatu, ƙaramar ƙasa ta tsibirai a tsakiyar teku wadda hauhawar ruwa da guguwa ke yi wa barazana.

A 2019, daga wata muhawara a aji, waɗannan ɗalibai suka rubuta wa shugabannin yankinsu takarda suna neman a kai tambaya gaban Kotun Duniya: mene ne wajibin ƙasashe a shari'a game da sauyin yanayi? Gwamnatin Banuwatu ta karɓi batun ta yi ta neman goyon baya, har a ranar 29 ga Maris, 2023, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a miƙa tambayar. A ranar 23 ga Yuli, 2025, alƙalan kotun suka haɗu a kan cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, kuma wadda ta yi sakaci da shi har ta cutar da wasu ana iya neman ta da gyara ko diyya. Lallai wannan bayani ya fi kama da fatawa, domin ba hukunci ne da ake tilastawa ba, kuma bai mayar wa kowa gidansa da ruwa ya ci ba. Amma abin da ɗalibin ɗakin kwananmu ke faɗa cikin fushi, waɗannan sun faɗe shi da hujja har ya shiga kundin shari'ar duniya. Su ma rataya aka ba su. Bambancin kawai shi ne sun bi sawun jinin har ƙofar maharbin.

Rigar Tamu Ma Ba Fara Tas Ba Ce

Adalci ya wajabta mu juyo da madubin kanmu. Nijeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a banza a bakin rijiyoyin mai, kuma mutanen yankin Neja Delta sun shafe shekaru fiye da hamsin suna kwana cikin hasken wannan wuta da hayaƙinta. Manyan motoci na fitowa daga dazuzzukanmu shaƙe da buhunan gawayi. Magudanun ruwan biranenmu kuwa, mu da kanmu muke toshe su da leda da robobi, sa'an nan idan ruwa ya shigo ɗaka mu ɗora laifin a kan Turawa.

Sai dai a nan ma nauyi gwargwadon iko yake. Matar da ke girki da itace don kalanzir da gas sun fi ƙarfin aljihun mijinta ba za a ɗaura mata laifi ɗaya da wanda ya sa hannu a takardar sare daji ba. Wa'azin da ya fara da talaka ya ƙare da talaka zalunci ne da aka sa wa rawani. Mu kuwa da muka sami gatan zuwa jami'a, wadda kuɗin jama'a ke riƙe da ita, ikonmu ya fi na wannan mata, don haka kasonmu na nauyi ya fi nata.

Batun Ƙaddara

Akwai kuma masu cewa fari da ambaliya ƙaddara ce, kuma sun girmi masana'antu. Sukan kafa hujja da yunwar Kakalaba ta 1914, wadda kakanninmu suka ba da labarinta. Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a jingina kowane bala'i ga ɗumamar yanayi ba. Tafkin Chadi, alal misali, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 bayan fare-faren shekarun 1970 da 1980, daga baya kuma wani ɓangare na ruwansa ya dawo. Yanayin yankinmu dama mai juyi ne. Abin da ɗumama ke yi shi ne ta ƙara wa juyin tsanani, zafi ya ƙara zafi, ruwan da zai sauka a wata guda ya sauka a kwana biyu.

Amma imani da ƙaddara bai taɓa hana kakannin nan namu gina rumbu ba. Sun san ruwa na Allah ne, duk da haka sun ajiye damin bara don gudun baɗi. Sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, ruwan sama ne ya cika ta, amma an daɗe ana kukan rashin gyaranta. Rabon da ke na sama ba mu da iko a kansa. Rabon da ke na hannu, za a tambaye mu. Ai Hausawa kan ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Kammalawa

Saura tambaya guda: wa muke yi wa wannan aiki, tun da yawancin amfaninsa ba za mu gan shi ba? Amsar tana bakin kowace kasuwar ƙauye. Tsamiyar da ake cin kasuwa a ƙarƙashinta, da kukar da muke miya da ganyenta, da layin darbejiyar da ya yi wa titunan Maiduguri da Sakkwato inuwa, wasu ne suka dasa ko suka ƙyale su suka girma, kuma mafi yawansu ba mu san ko sunayensu ba. Mun ci bashin mutanen da ba za mu iya biya ba, domin sun riga mu gidan gaskiya. Hanya ɗaya da ta rage ta sauke irin wannan bashi ita ce a biya shi ga waɗanda ba a haifa ba tukuna, su da ba su da ƙuri'a, ba su da baki, ba su kuma da wakili a kowane taro sai mu.

Don haka kiranmu ga 'yan'uwa ɗalibai ba mai tsawo ba ne. Wanda zai dasa itace ya dasa wanda zai iya shayarwa har ya gama karatu, in zai tafi kuma ya damƙa shi a hannun wani. Wanda ya je hutu gida ya duba kututturan gonar mahaifinsa kafin a sa musu gatari. Mu kuma da muke nazarin harshen Hausa akwai wani aiki da ya keɓanta da mu, domin mafi yawan abin da aka rubuta a kan wannan al'amari yana cikin harsunan da manomi da makiyayi da masunci ba su ji, alhali su ne abin ya fi shafa. Hasashen damina da gargaɗin ambaliya da bai isa kunnen mai gona a bakin kogi cikin harshensa ba, tamkar ba a yi shi ba ne. Bayan wannan kuma mu koyi tambayar masu mulki, tun daga kansila har zuwa sama, ina kuɗin gyaran madatsa da na yaƙi da hamada suka shiga, mu kuma mara wa masu bin diyya a tarukan duniya baya.

Mai ƙorafi ya yi gaskiya, ba mu muka kar zomon ba, kuma kada mu yarda a mantar da mu haka. Amma ga shi nan a kafaɗarmu, rana kuma tana yi. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da ya hau kanmu, Ya kuma ba mu bakin neman haƙƙin da muke bi.